Zauren Makaɗa: Amsoshin Wasiƙunku a kan Saitin Jita da Canjin Tsirkiya

Wasiƙun wannan wata kamar kun haɗa baki, kusan duk a kan tsirkiya ne. Na zaɓi biyar. Ga waɗanda ba su saba da bakina ba: in na ce gaɓa ina nufin ƙarafan nan da aka jera a wuyan jita, kuma taki ɗaya shi ne bambancin amo tsakanin gaɓa da mai bi mata. Kunne shi ne abin da ake murɗawa a kan jita, jaki kuwa shi ne katakon da tsirkiya ke hawa a cikinta, kamar dai yadda masu goge da garaya ke kiransa. Haruffa irin su E da A sunayen amo ne, tsirkiya ta ɗaya kuma ita ce mafi siranta, ta shida mafi kauri.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ni nake kaɗa wa ƙanwata jita in tana waƙa, muryarta kuwa siririya ce, tana sama sosai. Na so in ɗaga jitar gaba ɗaya taki biyar, ta tashi daga E ta koma A. Sau uku tsirkiya ta ɗaya tana tsinkewa kafin ta kai. Mai shago ya ce in sayi wadda ta fi siranta. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗana, mai shago ya faɗa maka rabin gaskiya, rabin da ya bari kuwa shi ne zai ci maka kuɗi. Gode wa Allah ma da tsirkiya ce ta tsinke. Da ta jure, jakin ne zai biya bashin.

Abu uku ke yanke hukuncin amon tsirkiya: tsawonta, nauyinta, da ƙarfin jan da aka yi mata. Kai ka kama na ukun kaɗai kana ta murɗa kunne, alhali shi ne mafi tsada. Kowane taki ɗaya da ka hau, jan yana ƙaruwa da kashi 12 cikin 100. Taki biyu, kashi 26. Taki uku, kashi 41. Taki biyar ɗin da kake nema, kashi 78. Jitar katako mai tsirkiyar ƙarfe, irin saitin da ke farawa daga lamba 12 ya ƙare a 53, tana ɗauke da ja na wajen kilo 70 dare da rana ko ba a taɓa ta ba. In ka kai ta A, ka ɗora mata kusan kilo 125. Ka tuna fuskar jita falle ne na katako da kaurinsa bai kai milimita 3 ba, jakin kuma da gam aka manna shi.

Yanzu ga batun siririya. Lambar da kake gani a jikin takarda, 9 ko 10 ko 12, kaurin tsirkiya ne, kashi ɗaya cikin dubu na inci. Siririya ba ta buƙatar ja mai yawa kafin ta hau, wannan gaskiya ne, shi ya sa take da laushi a yatsa. Amma kamar yadda jan da take buƙata ya ragu, haka ƙarfin jurewarta ya ragu, don naman ƙarfen ne ya ragu. Sai lissafin ya tashi kunnen doki. A jita mai cikakken tsawo, wato wajen santimita 65 daga ƙashin wuya (ɗan ƙashin nan mai ramuka da tsirkiyoyi ke hawa a ƙarshen wuya, kusa da kunnuwa) zuwa jaki, tsirkiyar ƙarfe ko lamba 8 ce ko 12 kusan wuri guda take mutuwa. E ɗinta na asali tana kaɗawa sau 330 a daƙiƙa. Za ta kai G, sau 392, in an bi ta a hankali. Daga nan ta shiga hannun Allah. A ɗin da kake nema sau 440 ne, a bakin kabarinta ke nan. Ba kai kaɗai ka taɓa cin karo da wannan bango ba. Robert Fripp, makaɗin nan na Ingila, da ya fito da nasa saitin a shekarun 1980 ya so tsirkiyar sama ta wuce haka, tsinkewa ta sa ya haƙura ya tsaya a G.

Sauran tsirkiyoyi biyar ɗin ba su da wannan matsala, kuma a nan dabara take. Saitin da kake so shi ne A D G C E A. Duba da kyau, ai kana da yawancinsu a hannu. Tsirkiyar A ta matsa ta koma gurbi na shida, ta D ta koma na biyar, ta G na huɗu. Ta B ta zauna a na uku ka ɗaga ta taki ɗaya ta zama C, ta E kuma ta koma na biyu. Ban da ta B da janta ya ɗan ƙaru, kowace tana nan a kan jan da aka ƙera ta dominsa. Gurbi na ɗaya ne kawai ya rage babu mai shiga. Wasu sukan sa lamba 17 a wurin su saita ta A ta ƙasa. Yatsu ba sa canja wuri, kod, wato amon tsirkiyoyi da yawa da aka kaɗa tare, yana fita daidai, amma in ka zo tsinkar waƙa ɗaya bayan ɗaya za ka ji ta faɗa rami a inda kunne ke jiran ta hau. Ni ba na son sa.

Mutanen da suka daɗe da son wannan siririn amo ba da murɗa suka same shi ba, jitar suka gajarta. A Meziko akwai rekinto, tsawon tsirkiyarta santimita 53 zuwa 54, saitinta kuwa daidai wanda kake nema, A D G C E A. A Biyana ta ƙasar Ostiriya, farkon ƙarni na 19, an yi yayin wata ƙaramar jita da ake saitawa taki uku sama, a G, har Mauro Giuliani ya rubuta mata kiɗa. Kamfanin Yamaha na yin wata 'yar ƙarama, Guitalele, tsawon tsirkiyarta inci 17, ita ma a A take. Ba sai mun je nesa ba ma. Me ya sa kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos yake da wannan kaifin murya? Ɗan gwangwani ne da guntun wuya, tsirkiyar ba ta da tsawon da za ta yi kauri.

To ga shawarata. Ka sayi kapo, matsen nan da ake ɗaurawa a wuyan jita, ka sa shi a gaɓa ta biyar. Ya yanke maka kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon tsirkiya, santimita 65 ta koma kusan 49, ka sami A ɗinka ba tare da ka ƙara ko giram ɗaya na ja ba.  In babu, fensir da robar ɗaure kuɗi guda uku suna yi, da shi muka koya. In kuwa hannunka na takura don gaɓoɓin sun matse a can sama, nemi jitar yara a wurin masu kayan gwanjo, ka tafi da tef ɗin tela ka auna, kada ta wuce santimita 54. Sannan wata tambaya gare ka: ka tabbata taki biyar take buƙata? Sau da yawa in mai waƙa ta ce a ɗaga, taki biyu ya ishe ta. Ka zaunar da ita, ka riƙa matsar da kapo gaɓa ɗaya ɗaya har ta daina miƙa wuya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na lura masu jitar Agadas suna ɗaga tsirkiya ta shida daga E zuwa G. Na gwada, amon ya yi daɗi ƙwarai, amma ta yi tauri kamar wayar shanya, ina tsoron kada wuyan ya lanƙwashe. Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Kunnenka bai yaudare ka ba. Saitin G A D G B E ya zama gida a wurin makaɗan Abzin da na arewacin Mali, kuma an san marigayi Ali Farka Ture na Niyafunke, wanda ya rasu a 2006, da shi. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa zama kusa da mai molo ko garaya. Babban yatsa yana dukan tsirkiya guda ba fashi, tana gunji a ƙasa, manuniya kuma tana yawo da waƙa a sama. In ta shida ta zama G, ga D a buɗe, ga wata G a ta uku, to hannun hagu ya huta da riƙe gunjin, ya sami sukunin yin ado. Jitar Bature ce aka koya wa zaman molo.

Game da tsoronka: taki uku ne, wato ƙarin kashi 41, amma a tsirkiya ɗaya tak. Lamba 53 tana jan wajen kilo 12 a E, a G ta koma wajen 17. Kilo biyar a kan 70 ba zai karya lafiyayyen wuya ba. Abin da zai yi shi ne taurin da kake ji, da kuma gajiyar tsirkiyar da wuri. Maganin mai sauƙi ne, kuma a nan ne maganar siririya take da amfani, don tsirkiyar ƙasa tana da nisa da iyakar tsinkewa. Cire 53 ka sa 45 ko 47. In jitar lantarki ce mai 46, sa 42. Za ka ji ta dawo daidai da 'yan'uwanta a ƙarƙashin yatsa.

Akwai kuma hanyar malalata, wadda ni na fi bi in an miƙo mini jitar aro a wurin biki: ka bar ta shida a inda take, ka sauke ta biyar daga A zuwa G. Gunjin ɗaya ne, G ɗin ɗaya ce, mai jita kuma ba zai harare ka ba. Abin da ka rasa shi ne A a buɗe, wadda wasu waƙoƙin ke jingina da ita.

Wani ya taɓa ce mini ai Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, don haka maganar lamba duk iyayi ne. Haka aka yi, da wayar birki ya fara. Amma da ya sami hali ai bai zauna a kanta ba.

Tambaya: Kawu, ina gaisuwa. A ƙungiyar mawaƙanmu na coci muna da jita biyu na katako. In an kaɗa su tare sai amon ya cakuɗe, ba a jin ɗaya daga ɗaya, ga piyano kuma ya danne su. Shugabanmu na son a sayo mai tsirkiya 12, kuɗi kuwa babu. Akwai dabara? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

Amsa: Akwai, 'yata, kuma wannan ita ce wasiƙar da na fi jin daɗin amsawa. Ku riƙe kuɗinku. Jita biyu masu saiti ɗaya kamar mata biyu ne na daka a turmi guda da taɓarya na sauka lokaci ɗaya: ƙara ce kawai, babu lugude. Abin da kuke so shi ne ɗaya ta riƙe ƙasa, ɗaya ta hau sama.

Masu ɗaukar kiɗa a birnin Nashbil na jihar Tenesi a Amurka sun daɗe da maganin wannan, har saitin ya ɗauki sunan garin. Ana barin ta ɗaya da ta biyu yadda suke. Huɗun ƙasa, E da A da D da G, sai a cire su a sa sirara, a saita kowace da sunanta na da amma ninki ɗaya sama, wato amon da take bayarwa in an danna ta a gaɓa ta 12. Kada wani ya yi gangancin ɗaga tsofaffin zuwa can: ninki ɗaya na amo ja ninki huɗu yake nema. Lambobin da ake sawa, daga ta ɗaya zuwa ta shida, su ne 10, 14, 9, 12, 18, 27. Ta shidan ce kaɗai mai naɗi, sauran duk santala ne. Kamfanin D'Addario na sayar da su a ƙunshi guda, amma ba dole sai shi ba. Masu shagon kayan kiɗa suna sayar da ɗai-ɗai, ko kuma ki sayi ƙunshin mai tsirkiya 12 ki raba biyu: masu kauri su tafi jita ta farko, sirara su tafi ta biyu. Kin ga da ƙunshi ɗaya kin yi wa jita biyu sabon kaya, in suka haɗu kuma ga amon mai tsirkiya 12 ɗin da shugabanku ke mafarki, har ya fi, don hannu biyu ne ke kaɗawa, ɗan saɓanin da ke tsakaninsu shi ke sa amon ya yi faɗi.

Daɗinta shi ne mai kaɗawa ba zai koyi komai sabo ba. Yatsunsa na nan inda ya saba, C tana nan C, G tana nan G. Amma in ya shafa, sai ki ji kamar an watsa tsaba a faranti. Ranar da na fara ɗaura wa wata tsohuwar jitata wannan saiti, na kai sha biyun dare ina maimaita kod uku, har uwargida ta leƙo ta tambaya ko sabon rediyo na sayo.

Wurin da za ki yi hattara shi ne ta uku, lamba 9 ɗin nan. Ita ce za ta hau G ta sama, wadda na gaya wa ɗalibin Zariya cewa ita ce iyaka. A nan ita ce mafi tsananin murya, ta fi ta ɗaya. Ki hau da ita sannu, in ta kai F ki tsaya ki sha ruwa, ki ba ta minti biyar, sannan ki ƙarasa. Ki kawar da fuska gefe lokacin murɗawa. Ina da tabo a ƙasan idon hagu da zai ba ki labarin dalili. Ki sayi biyu, ɗaya ta zauna a jaka.

Abu na biyu, jan da ke kan wuya zai ragu sosai, don haka bayan kwana biyu ko uku wuyan na iya komawa baya, tsirkiya ta fara zizar gaɓa. Akwai ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da makullin alan, bakinsa na cikin ramin jita ko a ka, ƙarƙashin ɗan murfi. A sassauta shi rubu'in juyi, a bar shi ya kwana, a sake dubawa. In kin ji ya cije kada ki tilasta, kai wa mai gyara. Ramukan ƙashin wuya kuma za su yi wa sirara yawa. Galibi ba ya damun kowa, in wata na rawa a raminta, ɗan guntun takarda a ƙarƙashinta ya kashe maganar.

In kuma ba ku son taɓa huɗu gaba ɗaya, ku ɗauki darasi daga Kinshasa. Masu rumbar Kwango tun shekarun 1950 suna cire ta huɗu kaɗai, D, su sa siririya irin ta ɗaya a gurbinta, su saita ta D ta sama. Suna kiran abin mi-kwampoze. Wannan ƙyalƙyalin da kike ji a tsakiyar kiɗan Kwango, kamar jita biyu na zance alhali mutum ɗaya ne, yawancinsa daga nan yake. Tsirkiya ɗaya ce, babu haɗarin tsinkewa don D tana ƙasa da E ɗin da aka yi ta dominta. Da ni ne ku, da wannan zan fara ranar Asabar wurin gwaji, in ya yi muku sai ku ƙarasa sauran.

Tambaya: Malam, jitata mai tsirkiyar roba ce, amonta ba ya tashi. Zan iya sa mata ta ƙarfe don ta yi kaifi? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: A'a, kada ka soma. Ta roba gaba ɗayanta wajen kilo 40 take ja, ta ƙarfe 70, kuma yawancin irin jitarka babu ƙarfe a cikin wuyanta. Ina saurayi na yi wa jitar yayana wannan aika-aika yana tafiya. Kwana tara tana waƙa kamar kanari. Daren na goma, ana tsakiyar hunturu, muna kwance muka ji tas kamar an harba bindigar toka. Da safe na tarar da jakin yana lilo a jikin tsirkiyoyi, ya tafi da ɓawon fuskar jitar. Wata huɗu ina biya. In kaifi kake so, nemi ta roba mai ƙarfin ja, ana rubuta hakan a jikin takardar, ka tara farce, ka kaɗa kusa da jaki.

Tambaya: Kawu, na sa sababbin tsirkiyoyi, amma ko waƙa ɗaya ba na gamawa sai saitin ya zube. Jabu aka sayar mini? Daga wani ɗan koyo a Sakkwato.

Amsa: Mai yiwuwa ne, jabu sun cika kasuwa, amma kafin ka koma ka yi faɗa da mai shago duba ɗaurinka. Na farko, ƙwallon da ke gindin tsirkiya dole ya maƙale a ƙarƙashin fuskar jita, ba a bakin turken da ke toshe ramin ba. Ka ɗan lanƙwasa gindin kafin ka zura, ka danna turken kana jan tsirkiyar sama har ka ji ta zauna. Na biyu, naɗin da ke kan kunne: masu kauri zagaye biyu zuwa uku, sirara huɗu zuwa biyar, kowane zagaye a ƙarƙashin na baya, a jere kamar naɗin rawani, ba a kan juna ba. Na sha ganin yara sun naɗe tsirkiyar duka don tsoron yankewa, ta taru kamar gammo. Wannan ba zai taɓa zama ba.

In ka gama, sa yatsa a ƙarƙashin kowace a wajen gaɓa ta 12, ka ɗaga ta kaɗan sau uku ko huɗu, ka sake saitawa, ka maimaita har ta daina sauka. Ta ƙarfe takan zauna a yini ɗaya, ta roba sai ta ci mako. Kullum ka iso amon daga ƙasa: in ka zarce, sauka ƙasa da shi ka sake hawa. In kana murɗawa ka ji ƙas, amon ya yi tsalle, ramin ƙashin wuya ne ke cizon ta, goga masa bakin fensir. Manhajar saiti ta waya ta wadatar, ka dai tabbata an bar A ɗinta a 440.

Sannan in iskar hunturu ta fara, katako na ƙanƙancewa, saiti zai riƙa motsi ko da ɗaurinka ya yi kyau. Ka daina rataye ta a bango kusa da taga. Sa ta a jakarta, ka jefa ɗan soso mai laima a cikin gwangwanin sabulu da ka huda wa murfi, ka matse shi sosai tukuna kada ya ɗiga, ka riƙa jiƙa shi duk bayan kwana uku har zuwa watan Maris.